Angona a Cikin Rumbu

Jiya da hantsi na leƙa rumbun dawa, sai ga jajayen idanu suna kallona. Jikana ne Sabi'u, ƙato har da gemu.

Na ce, "Angona, gafiya ka koma?"

Ya ce, "Tsohuwa, rufe! Ba ki ji babur ba? 'Yan bindiga sun zo!"

Mai kifi ne fa daga Funtua.

Sabi'un nan shi ne mai cewa wiwi ke cire masa fargabar zuwa gona. Ƙanwarsa mai aikin jinya a Malumfashi ta sha gaya masa ƙwaƙwalwa tana da nata sinadarin kwantar da hankali, mai kama da na wiwin. In aka yawaita ɗura mata na waje, nata ya daina ci, tsoro ya ninku. Kamar gonar da ta saba da takin zamani.

Na ce ban zama da mijin da mai kifi ke kora. Ko ya bi ƙanwarsa asibiti, ko ya sake ni.

Yau ya bi ta, amma a ƙafa har tasha, wai shi bai hawa babur.

Ku a ina kuke tsintar naku angwayen?