Lasifikar da ta kori Dada daga Mubi

Ko zan manta da komai a duniya, ban da wata Asabar bayan mun dawo Mubi daga gudun hijira. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Wata biyar muka yi muna lallashin mahaifiyarmu, Dada, ta bar ƙauyen Gella ta dawo ɗakinta a unguwar Lamorde. Tun ranar da ta tsere da ƙafa ta cikin duwatsu, ko murfin tukunya ne ya faɗi sai jikinta ya hau rawa. Da ƙyar ta yarda. Kwananta biyu da dawowa na tafi gidan kallon da ke bayan gidanmu, an kawo fim ɗin wasu ƙattin mutum-mutumin ƙarfe masu faɗa da dodanni.

Ba zan yi ƙarya ba, fim ɗin ya tafi da ni. Ƙarfe ya fi bene tsawo, ya tumɓuke gada ya maka wa dodo a ka. Mu da muka gudu ko takalmi babu, ganin wani ya tsaya ya rama ya yi mana daɗi. Har ihu na yi wa mai gidan kallon ya ƙara murya. Ashe ɗan banzan ya ɗora lasifika kan katanga tana fuskantar unguwa, wai don ya jawo 'yan kallo.

Da na fito da la'asar, layinmu wayam, mutane sun ɗauka an sake kawo hari sun watse. Na iske Dada a bakin titi, ba mayafi, ƙunshin kayanta a ka. Na rantse mata fim ne kawai. Ta dube ni ta ce, "Kai ma kana ciki? Kuɗi ka biya don ka ji wannan ƙarar?"

Na koma na ci kwalar mai gidan kallon. Dariya ma yake yi, wai mutanen Mubi sun cika tsoro. Wallahi da ba a raba mu ba, da sai an kwashe shi. Amma da wane baki zan zage shi? Ni na ce a ƙara.

A fim ɗin an rushe gari sukutum, ba a nuna tsohuwa ko ɗaya tana neman hanyar tsira ba. Dada kuwa a ranar ta hau motar Gella, ba ta sake kwana a ɗakinta ba har Allah ya karɓi abinsa.

Nan na koyi cewa yaƙi ba ya ƙare wa kowa rana ɗaya. Ni na warke har ina sayen ƙarar bam da kuɗina, ban tsaya na duba ko uwata ta warke ba.