Tukunyar da Aka Tono a Bayan Ɗakin Gwaggo

Shekarar da ruwa ya kada katangar bayan gidanmu na Gumel, ni aka ɗora wa gyara, don kawai na yi ritaya daga koyarwa, wai ba ni da abin yi. Gidan tsoho ne ƙwarai, soronsa ya girmi duk mai rai a unguwar, har baƙi kan tsaya su ɗauki hotonsa. Masu haƙa tushe suna cikin aiki diga ta fasa wata tukunya. Sai ga tarkacen ƙarfe: wasu zagayayyu masu tambari, wasu kamar guntun bututu sun yi kore shar, sai 'yan ƙananan sanduna masu nauyi, kowacce da harafi a kanta, a juye.

Kafin in ce uffan Gwaggo ta iso. Yayar mahaifina ce, ta dawo gidan tun rasuwar mijinta. 'Ya'yanta duk sun riga ta, ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya kai aure. Ta leƙa ramin, ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Rubutu a juye, kuma a bayan ɗakina! Ashe binne aka yi mini."

A wurinmu duk abin da aka tono a ƙasa da rubutu a jikinsa sammu ne, babu wata doguwar magana. Wanda ta ɗora wa laifin kuwa Baffa ne, ƙaninta, don shi ya gina katangar a da can, lokacin da suka ɗan yi sa-in-sa kan rabon gidan. A ranar ta ɗaure kayanta ta tafi Ɗanzomo wurin wata 'yar uwarmu, ta ce ita da shi sai a lahira.

Baffa yana kwance, ɓarin jikinsa ya shanye. Ya riƙe hannuna da hannunsa mai motsi, yana hawaye. "Ɗan nan, kar in mutu tana ganin ni na kashe mata 'ya'ya."

Wallahi da don ta ni ne, da na watsa ƙarafan a tsohuwar rijiya na huta. Gwiwoyina ciwo suke, kuma na gaji da sasanta tsofaffin gidanmu. Amma na ƙulle su a tsumma na shiga mota.

Wani maƙeri a Gagarawa Tasha ya ce masu kama da bututun kwanson harsashi ne, sandunan kuwa dalma ce, amma bai san aikinsu ba, in ina so ya narkar mini. Na ce na gode, ba narkewa ta kawo ni ba. Ran kasuwar Maigatari aka nuna mini wani tsohon soja, kurma, sai da na yi ta ihu a kunnensa mutane suna kallona. Ya goge zagayayyun da bakin rigarsa, ya ce maɓallan kakin soja ne na zamanin Turawa, ko shi a wurin manyansa ya gan su. Da na nuna masa sandunan ya janye hannu, ya ce shi ba ruwansa da kayan malamai. To ka ji, har da soja.

Na dawo Gumel a gajiye tiɓis, na tsaya shagon wani Kirista ɗan Filato mai buga katin biki, don in sha ruwa kawai. Ƙullin ya kwance a kan teburinsa. Sai mutumin ya fashe da dariya.

"Malam, ina ka samo waɗannan? Da irinsu maigidana ya koya mini aiki!"

Ya ɗauki ɗaya daga cikin sandunan, ya dangwala a tawada, ya danna a takarda. Harafi ya fito a miƙe, tsaf. Ya ce da haka ake buga littafi kafin zuwan kwamfuta: a jera su a juye, su fito daidai. Ya ba ni aron tawadar.

Da na faɗa wa Baffa, sai ya tuna. Mahaifinsu ya yi wa Turawa soja yana saurayi, a ɗakin buga takardun bariki suka sa shi. Da ya dawo gida yana neman a ba shi ladanci, mutane suka riƙa yi masa gorin aikin Nasara, sai ya daina zancen gaba ɗaya. Ba shakka shi ya binne kayan, don kunya.

Washegari na tafi Ɗanzomo. Na sami Gwaggo a tsakar gida tana gyaran wake, har ta yi ƙiba, muryarta garau. Na faɗa mata komai, na buga harafin a gabanta. Ta ce ƙarya ne. Ta karɓa da kanta, ta yi bismilla, ta danna. Ta sake dannawa da wani. Ta daɗe tana kallon takardar.

"Kayan Baba ne ke nan," in ji ta.

"Nasa ne, Gwaggo."

"To in ba sammu ba ne, me ya ɗauke mini 'ya'yana?"

Na ce, "Allah ne, Gwaggo."

"Na sani mana! Ni za ka koya wa?" Ta ture faifan waken. "Ɗan nan, tun da na sami wanda zan yi wa fushi, barci nake yi har gari ya waye. Rabona da irin wannan barci tun rasuwar autana."

Na ji haushin kaina, na ji haushin kakana da kunyarsa, na kuma ji tausayinta.

Ta tashi ta ɗauko mayafinta, muka dawo Gumel a mota ɗaya. Ta wuce ɗakin Baffa kai tsaye, ta zauna a bakin gadonsa, ta ce, "Ka yafe mini." Ya yi ta kuka, ita ko ɗigon hawaye babu. Ita ta riƙa ba shi kunu a baki har Allah ya karɓi abinsa.

Tun daga ranar kuwa, duk asubar da na fito alwala sai in tarar da ita zaune a ƙofar ɗakinta, ido biyu.