Ranar da Baba Daudu Bai Karɓi Diga Ba

"To, da suka miƙo maka digar fa?" na tambaye shi.

"Ban karɓa ba," in ji Baba Daudu. "Ba kai ka ce in riƙe girmana ba? Na harɗe hannuwa a baya, na nuna ta da haɓa, na faɗi sunanta da Turanci. Na faɗi na shebur, na faɗi na ƙasa. Har yarinyar da ke rubutu sai da ta yi murmushi."

Muna zaune a ƙofar gidansa da ke Zakka, yana fere ƙotar hauya. Ƙanen mahaifina ne. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu kakanmu yake ɗaura masa igiya a ƙugu ya zura shi cikin rijiya, kuma rijiyoyin da ya haƙa tsakanin Zakka da Tsaskiya shi kansa bai san adadinsu ba. Da ƙarfi ya fara ja baya, sai ya koma noma. Gonarsa ta gado tana can bakin daji, damina uku ke nan rashin tsaro ya hana shi taka ta. Abin da ya rage masa wani fako ne a bayan gari, wanda ko akuya ba ta tsayawa a kai.

A wannan fakon yake cire gero. Da rani yake bi yana haƙa ƙananan ramuka, ya tara ƙasar ta gefen gangare, ya zuba tafi biyu na taki a kowane. Gara ta zo cin takin, ta huda ƙasar. Ruwan farko yana sauka sai ya zauna a ramin maimakon ya wuce. Mutane sun daɗe suna ce masa mai noman gara.

Bana wata ƙungiya ta zo Safana za ta buɗe wurin renon itatuwa, tana neman wanda zai shugabanci masu haƙa da dashe. Aikin shekara biyu ne, kuma a cikin gari, babu shiga daji. Baba ya zo har ɗakina, shi da bai taɓa roƙona komai ba.

"Rilwanu, an ce mutanen nan Turanci suke yi. Ka koya mini na haƙa kawai, ba na son na jirgin sama."

Mako uku muka yi, kullum bayan la'asar. Ina duba waya ina faɗa, yana maimaitawa. Sai ya ɗora hannu a kan abu kafin sunan ya zauna masa, don haka muka riƙa baza kayan aiki a tsakar gida. Inna Tasalla, matarsa, takan leƙo daga madafi ta ce, "Sannu Bature, a kawo shayi ne?" Shi kuwa ya ce mata jahilci ne ke damunta.

Ana jibi za a tafi gwajin ɗaukar aikin ya tambaye ni yadda ake faɗin ramukansa da Turanci. Na duba, ban samu ba. Maimakon in ce ban sani ba, sai na ce masa ya bar zancen gara da kashin shanu, dariya za su yi masa. Na ƙara da cewa shugaba suke nema, ba lebura ba, kada ya yarda a gan shi yana haƙa. Ya yarda, saboda ni na gama sakandare.

"Ashe fako aka ba ƙungiyar," Baba ya ci gaba yana fere ƙotar. "Irin nawa sak. Mai gwada mu ma Bahaushe ne, ɗan Dutsin-Ma. Ya ce kowa ya nuna yadda zai sa itace ya rayu a nan. Armaya'u ɗan gidan Lawal ya tuɓe riga ya haƙa rami uku. Shi suka ɗauka."

"Armaya'u da ya yi maka ƙodago bara?"

"Shi. A wurina ya gani."

Na sunkuyar da kai. Na ce, "Baba, laifina ne. Ban san sunan ba, na ji kunyar faɗa maka."

Ya busa ƙurar ƙotar, ya ɗaga ta yana duba miƙewarta. "Na lura. Ka daɗe kana murza wayar." Can ya ce, "Amma ni ma da furfurata na tsaya kamar soja, diga tana kallona."

Na ce zan hau babur gobe in je in yi musu bayani.

"Ka ce musu me? A kori yaro mai mata da goyo a ɗauki tsoho?"

Ya jingina ƙotar da bango, ya shiga zaure ya fito da dagi.

"Armaya'u ya aiko ɗazu, wai ramukan sun ƙi riƙe ruwa. Na san ta gefen tudu ya tara ƙasar, kullum haka yake yi. In ba a gyara yau ba, dashen zai ƙone."

Ya saɓa dagin, ya ce in faɗa wa Inna kada ta jira shi da abinci, ya bi ta bayan masallaci ya nufi inda 'yan acaɓa suke tsayawa.