Hannun Daman Illia Wanzami

Duk Bahaushen da ya zauna Sabha ya san Illia, ko bai san sunansa ba ya san baƙar zabirarsa. Mutumin garin Tawa ne. Ɗaukar siminti ce ta kawo shi Libiya kamar kowa, amma aska gadonsa ce, kuma ta ƙi sakinsa. Kafin a jima shi ke askin suna a unguwar Gurda, shi ke kaciya, shi ke yi wa leburori ƙaho in bayansu ya riƙe. Kanawan kasuwa suka laƙaba masa Sarkin Aska don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har ya fara tafiya irin ta masu sarauta.

Abin da ya fi suna a kai shi ne maruru. Mutum ba shi da takardar zama, yana tsoron shingen 'yan sanda, in ƙurji ya fito masa ina zai nufa in ba wurin Illia ba? Doka ɗaya gare shi, wadda ya ɗauko daga bakin mahaifinsa: ba a tsaga maruru ɗanye, sai ya nuna ya yi ido. Za ka zo kana cizon leɓe, ya latsa wurin da babban yatsa ya ce, “Je ka dawo, bai nuna ba.” Ko kuka za ka yi, ba ya sake magana.

Ana gab da Babbar Salla, Lado, wani Bakano mai sayar da raguna, ya aika masa. Babban ragonsa ne ya yi kumburi a ƙarƙashin haɓa, ya daina cin abinci. Illia ya latsa, ya girgiza kai.

“Wanga ɗanye ne, Alhaji.”

“Sarkin Aska, kasuwa ba ta jira. Tsaga kawai, in ya mutu nawa ne.”

Illia ya tsaga yana gunaguni. Mugunyar tana can ciki da nisa, sai da ya zurfafa askar kafin ta tsarto. Ragon ya fizge, bakin askar ya ɗan ci shi a gindin babban yatsan dama. Ya goge a wando, ya wanke wa ragon ciwonsa tas da ruwan gishiri, ya manta da nasa.

Ba a daɗe ba tafin hannun ya fara zafi, ya kumbura, ya hana shi riƙe aska. Matarsa Houda ta ce a je asibiti. Ya latsa wurin da yatsan hagu, kamar yadda yake yi wa kowa.

“Bai nuna ba.”

“Malam, hannun ga hwa baƙi yake yi.”

“Mi zan ce ma lokotoro? Ni da ake kawo ma maruru, a gan ni na kai nawa? Wa zai sake zuwa ƙohwata?”

Ga inda abin haushin yake. Takardunsa lafiya lau suke, asibitin ba nisa, motar haya kullum tana wucewa ta bakin layinsu. Ba abin da ya tare shi sai sunan da 'yan kasuwa suka ba shi da wasa, da dokar wani tsoho da ya daɗe a kabari. Ya kwaɓa lalle da kanwa ya ɗaure, ya zauna jiran ido. Kaluluwa ta fito masa a hammata. Wani jan layi ya bi damtsensa ya yi sama. Zazzaɓi ya kwantar da shi, ɗakin ya fara wari, amma duk safiya sai ya kwance tsumman ya duba, ya ce saura kaɗan. Wannan ciwo kuwa ba mai fitowa waje ba ne, ciki yake ci.

'Yarsu Mounira, da cikinta na fari ya tsufa, ta zo ta durƙusa gabansa.

“Baba, wa zai yi ma ɗana askin suna in ba kai ba?”

“Ni, da hannun ga,” in ji shi. Ya ɗaga shi, ya kasa lanƙwasa ko yatsa ɗaya.

Sai da ya fara kiran sunan matattu sannan Houda ta kira Lado, suka ɗauke shi ranga-ranga zuwa asibiti. Likitan ya duba, ya yi magana da Larabci, Lado ya fassara wa Houda kansa a ƙasa: da sun zo tun farko, tsagawa ce kawai da allurai. Tsagawa! Aikin da Illia ya yi wa rabin Hausawan Sabha. Aka ceci ransa, aka yanke hannun daga ƙasan gwiwa.

Mounira ta haifi namiji. Ranar suna Illia yana zaune a kan tabarma a tsakar gida, hannun rigarsa na dama a naɗe an soke shi da fil. An ɗauko wani mai aski daga shago, ya zo da reza a aljihu. Zabirar tana rataye a ƙusa, ba wanda ya yarda ya ɗaga ido ya dube ta.

Sai ga Lado ya shigo yana jan rago, gudummawarsa, don abin ya tsaya masa a rai. Ragon nan ne. Ciwon ya hana a saye shi da Salla, amma yanzu ya yi ƙiba, gashinsa har sheƙi yake.

Illia ya miƙa hannun hagu ya shafa ƙarƙashin haɓar. Tabon ya kwanta lif, siriri, ba ƙullutu ko kaɗan.

“Aikinka ne, Sarkin Aska,” in ji Lado a hankali.

Daga cikin ɗaki jaririn ya tsala ihu, rezar ta hau kansa. Illia ya saurara, ya san daga jin kukan cewa ba a jiƙa gashin sosai ba. Kafaɗarsa ta dama ta motsa da kanta, sannan ta tsaya.

Ya sake shafa tabon.

“Ɗanye na tsaga shi,” ya ce. “Ɗanye shataf.”