Baba Lulluɓe da 'Yan Gwara

Ruwa ya kwana yana zuba, da gari ya waye kuma iska mai sanyi ta karɓi aiki, irin wadda ke bi ta hannun riga ta tsaya a haƙarƙari. Layin ba kowa, sai hayaƙin gidan burodi yana rarrafe a kan kwanon rufi.

Mai gidan burodin dattijo ne, Baba Lulluɓe ake ce masa. Tun yana saurayi yake gaban tanderu, kuma abu ɗaya sana'ar ta koya masa ya riƙe hannu bibbiyu: duk abin da ya ƙi tashi, a rufe shi da ƙyalle a kai shi wurin ɗumi. Haka yake yi wa kwaɓin fulawa. Haka ya yi wa 'ya'yansa har suna jiƙa katifa da zufa. Rediyonsa ma da ta daina magana sai da ta kwana cikin bargo. Matarsa ce ta laƙaba masa sunan, unguwa ta karɓa.

Da safen nan ya zagaya baya ɗebo itace, sai ga 'yan gwara uku a ƙasa. Gefen bakinsu da sauran rawaya, jela ba ta gama fita ba, sun kumbura gashi kamar dunƙulen kwaɓi. Ya tsuguna yana kallo. Ɗaya ta yi tsalle ta faɗi ta gefe, ta tashi tana harararsa kamar shi ya ture ta.

Ya kwashe su ya zuba a gwangwanin burodi, ya rufa musu tsumma, ya ajiye gefen tanderu. Ya marmasa musu burodi, suka ƙi. Ya jiƙa shi da ruwa, suka kau da kai. Kukansu sai raguwa yake yi.

Matarsa ta shigo da shayinsa, ta tsaya.

"Malam, wane irin burodi ne yau mai kuka?"

"Marayu ne. Sanyi zai kashe su."

"Marayu? To waccan da ke kan katanga tana neman tsaga maƙogwaro, kai take yi wa kuka?"

Ya leƙa. Ga uwar da tsutsa a baki, tana sauka inda ta bar su, tana komawa katanga.

"Tashi take koya musu, ka zo ka sace mata. In ta gaji ta tafi, kai za ka riƙa tauna musu tsutsa?"

Nan ya gane in uwar ta fid da rai, ɗuminsa ba zai kai su yamma ba. Ya fitar da su daga gwangwanin ya mayar da su cikin sanyin. Ya tsaya a kansu. Uwar ta ƙi sauka.

Matar ta ɗaga murya: "Matsa mana! Kai ma in ka ga wannan gemun a kan 'ya'yanka za ka sauko?"

Ya koma bayan tarin itace ya laɓe, ba hula, ƙafa cikin caɓi. Shi da bakinsa yake faɗa, bai taɓa aikin da ya ba shi wuya kamar wannan tsayuwa ba, ga tsumma a hannu an hana shi rufawa. Hanci ya fara zuba. Atishawa ta taso, ya danne ta da tsumman har idonsa ya kawo ruwa. Can uwar ta diro, ta dubi hagu da dama, ta cusa tsutsar a bakin mai hararar nan. Sauran suka taso mata da ihu.

Sai a lokacin ya ji ƙauri. Burodin safe ya ƙone ƙurmus.

Kafin mako ya zagayo 'yan gwaran suna kan katanga suna sace masa ɓarɓashi, shi kuwa yana kwance da mura, matarsa ta jibga masa duk bargon gidan tana cewa bari ta ga ko zai tashi.

Yanzu babban ɗansa ke gaban tanderu. Baba Lulluɓe yana zaune a benci bakin ƙofar baya, yana watsa wa gwara ɓarɓashi daga nesa, da tsumma a kafaɗarsa.