Kumfar Lemu a Ƙwaryar Kaka

Ina tashar Madawa ina jiran kamyon Buza, babbar motar da ke bi ta wajenmu, wani ɗan garinmu ya riƙe mini hannu bai saki ba. Ya ce Kaka ta rasu shekaranjiya, an riga an kai ta. Na ce Allah ya jiƙanta. A jakata akwai butalin lemu, kwalba guda, da na ɗauko mata tun daga Abijan.

Muna yara, a ƙauyenmu kusa da Karofane, bayan magariba take tara mu gaban wutar kara ta yi mana gatana. Shekarar da gero ya ƙi, Kawu Idi, autanta, ya dawo daga bida, neman kuɗi a ƙasar waje, da butalin lemu guda. Da aka buɗe ya yi huci, Kaka ta ja da baya, ta ce ba ta shan ruwan da ke tafasa babu wuta. Ta sa aka juye shi a tsohuwar ƙwaryarta mai ɗinki, ta matsar da ita gaban haske.

Ita ta fara lura. Kumfar ba ko'ina take fitowa ba, sai daga bakin ɗinkin, inda ƙwaryar ta taɓa tsagewa. Kowace tana farawa kamar ƙwayar yashi, tana hawa tana girma, ta kai sama ta fashe, wata ta biyo ta.

Nan take ta ƙulla gatana. Wai 'ya'yan iska ne aka rufe cikin ruwa, suna zaune lafiya muddin ƙofa na rufe. Ran da aka buɗe, suka taru bakin tsaga suna fita ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya kama hanya sai ya yi ta ƙiba, na ƙasa su ga kamar ya samu. Ba wanda ya komo ya faɗi abin da ke sama. Saura ƙarama guda, ta maƙale a ɗinki ta ƙi tashi.

Na tambaye ta abin da ya sami ƙaramar. Lokacin lemun ya lafa, ya zama ruwan sukari kawai.

"Maigidana marowaci," in ji ta, tana jan kunnena, "ka kawo mini wani butali, ka ji sauran."

Kawu ya koma bida, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Yayyena suka bi, ni ma na bi. Shekara tara ina cewa baɗi zan koma gida.

Da na isa ƙauye, mata da tsofaffi kawai na tarar a zaman makoki. Sai na gane ba lemu Kaka take kallo ba a wancan daren. An ba ni ƙwaryar. Butalin yana nan ban buɗe ba, kuma ban san abin da ya sami ƙaramar ba.