Hotunan da ke cikin kwamfutar Kawu

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, mai hoto ne tun ina yaro. Ba shi da wani shago na a zo a gani. Ɗakin da ke jikin zauren gidansa a Jibiya shi ne wurin aikinsa, da labule mai zanen ruwa da itatuwa a bango, da kujera ɗaya da kowa ke zama a kai. Yawancin aikin ma ba a ɗakin yake yi ba. Babur yake hawa ya shiga ƙauyuka, Magama, Farfaru, da waɗanda ke bayansu, duk inda ake suna ko ɗaurin aure ko saukar karatu. Da aka daina yayin fim ya sayi kyamara mai memori, sai ya shiga wata sabuwar damuwa. Memorin kan cika, ya kai Katsina a wanke masa hotunan, sannan dole ya goge don ya sami wurin ɗaukar wasu. Gogewar nan tana ci masa rai. Yakan ce fim ko ya tsufa yana nan cikin kwali, amma wannan da ka danna shi ke nan.

Ni na ce zan haɗa masa kwamfutar tebur. Lokacin na dawo daga karatu ina koyarwa a wata sakandare, kuma na ɗan saba da buɗe cikin kwamfuta. Ba sabuwa muka saya ba, guntu-guntu na tattara ta. Akwatin wani abokin aikina ya ba ni. Madabod, wato babban allon da komai ke hawa kansa, daga Katsina na samo shi. Sikirin da kibod kuwa maƙwabcin Kawu ya kawo, wani direban babbar mota mutumin wajen Maradi, wanda ya daɗe a unguwar har 'ya'yansa ba su san wani gida ba sai nan. Kibod ɗin irin na Faransa ne, haruffansa a sauye suke, ni kullum sai na yi kuskure a kansa. Kawu kuwa da shi ya koya, da yatsa ɗaya, bai taɓa sanin akwai wani iri ba.

Na sa masa faifan ajiya biyu a ciki, don duk abin da ya zuba a ɗaya ya kwafa a ɗayan. Ranar da zan fara kunna ta, can bakin ƙofa ya tsaya.

"Ba ta fashewa dai ko?" in ji shi.

"Ba ta fashewa, Kawu."

Fankar da ke cikin akwatin ta juya, sikirin ya kawo haske, sai ya matso a hankali ya dafa kafaɗata. Bayan 'yan watanni ya fi ni sanin inda komai yake. Kowane ƙauye da jakar hotunansa a cikin kwamfutar, cikin kowace jaka kuma gida-gida. Muka ƙara da firinta, ya daina zuwa Katsina. Shekaru ya yi yana zubawa.

Sai tashin hankalin 'yan bindigar daji ya zo. Ba sai na faɗa wa ɗan Jibiya yadda abin ya kasance ba. Ƙauyuka suka riƙa watsewa, mutane suna shigowa gari da tabarmi da tukwane a ka, wasu su sauka gidajen dangi, wasu cikin azuzuwan makaranta. Kawu ya jingine babur. Amma aikinsa bai tsaya ba, salo ya sauya. Yanzu mutane ke zuwa wurinsa, ba don a ɗauke su ba, don neman hoton wani da aka rasa. Mutum zai faɗi ƙauyensu da gidansu da bikin da aka yi, Kawu ya yi ta dannawa da yatsansa har ya fito da fuskar. Na sha tarar da dattijo zaune a kujerar nan yana kallon sikirin, Kawu yana jiransa.

Wata rana da hantsi ina cikin aji sai na hango Kawu tsaye a inuwar itacen bedi yana ɗaga mini hannu. A lokacin an katse layukan waya a yankinmu gaba ɗaya saboda matsalar tsaro, wanda ke neman ka sai ya tako da ƙafarsa. Na fito. Ya ce an kawo wuta da ƙarfi, ƙwan ɗakin ya fashe, kwamfutar ta yi wata ƙara ta mutu.

"Tana wari," in ji shi. "Warin ƙonewa."

Da muka isa gida akwai wata mata zaune a zaure, da goyo, ta lulluɓe da hijabi da ya koɗe. Kawu ya ce mini daga wani ƙauye bayan Farfaru take. An kashe mijinta a gona, an ƙone gidansu da duk abin da ke ciki, wayarsa ma an tafi da ita. Ta gama takaba ke nan. Kawu ya ɗauki hotuna ranar sunan yaron da ke bayanta, kuma yana cikin neman jakar gidansu wutar ta zo.

Na gaishe ta, na yi mata ta'aziyya. Ta amsa, sannan ta ce, "Malam, an ce kai ka haɗa ta."

"Ni ne."

"To alhamdu lillahi. Ni dai ɗaya nake so. Don wanga yaro ya san fuskar ubansa."

Na ce mata in sha Allahu, ta dawo jibi. Da gaske na yi zaton jibin ya isa.

Na kwance akwatin. Pawa, wato ɗan akwatin da ke raba wa sauran kayan wuta, ya yi baƙi ta ciki. Na ce a raina idan shi kaɗai ne da sauƙi. Sai dai a duk Jibiya ban sami mai sayar da shi ba. Da can maƙwabcin Kawu zan faɗa wa ya taho da shi daga Maradi, to iyaka a rufe take, motarsa na ajiye a bakin hanya har ciyawa ta fito ƙarƙashinta. Na shiga motar Katsina, a lokacin da kowa ke shiga hanyar da addu'a a baki, na sayo wani. Na ɗaura, na danna. Fanka ta yi rabin juyi ta tsaya. Na cire ram, wani siririn allo da ake soka wa madabod, na goge bakinsa da kilinar fensir na mayar, haka. Na cire komai na bar madabod shi kaɗai, haka. Da na ɗaga shi a hasken taga na ga wani ɗan tabo kamar inda garwashi ya faɗa wa tabarma.

Wannan bai tayar mini da hankali sosai ba, don allo ana sake wani. Hotunan a faifai suke. Na ciro faifan biyu na naɗe a tsumma na kai ɗakin kwamfuta na makarantarmu, na jona su ɗaya bayan ɗaya. Na biyun, wanda ake kwafa a ciki, bai ko motsa ba. Na sa kunne, na dafa shi, sanyi ƙalau kamar dutse. Na farkon ya fara juyawa, har na ji daɗi, sai ya yi ƙas, ƙas, ƙas, ya tsaya. Ya sake ɗauka, ya sake yin ƙas ɗin. Kwamfutar ba ta ma san an jona mata wani abu ba.

Na zauna ina kallonsa. Duk abin da na iya a harkar nan rabinsa a intanet na koya. Idan abu ya gagare ni sai in rubuta, in ga yadda wani a wata ƙasa ya yi da nasa. Yanzu ga waya a aljihuna, ba ta da bambanci da madubi. Babu wanda zan tambaya, babu wanda zan kira.

Matar ta dawo jibin. Na ce mata ana kan aiki. Ta dawo bayan wasu kwanaki, ta sake dawowa. Ba ta taɓa nuna gajiya ko fushi ba, ta zauna a zaure ta ba yaron nono, ta jira in fito in faɗa mata abin da na faɗa a baya, ta yi godiya ta tafi. Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Na tuna ana iya cire ɗan allon lantarkin da ke bayan faifai a sa na wani irinsa sak. Maƙwabcin Kawu ya ce ya san wani a Maradi da ke da tsofaffin kayan kwamfuta tuli. Na kwafe masa lambobin da ke jikin faifan, ya ba wani mai babur da ke bin hanyar daji. Aka daɗe kafin saƙon ya dawo. Da na buɗe, kamfani ɗaya ne, girma ɗaya, amma allon bayan ba iri ɗaya ba ne, ko ramukan noti ba su hau ba. Direban ya tsaya a kaina yana kallo.

"Bai yi ba?"

"Bai yi ba."

"In aika a sake dubowa?"

Na ce ya bari. Ban san ma ko allon ne matsalar ba, ƙarar nan daga can ciki take fitowa, wurin da ba a buɗewa a ɗaki irin namu.

Kawu ya rame a kwanakin nan. Mutane ba su daina zuwa ba, shi kuma ba ya iya cewa babu, sai ya ce injin ne ba shi da lafiya. Wata rana bayan la'asar na same shi zaune gaban sikirin da ba a kunne ba. Ya ce, "Ka san akwai waɗanda duk duniya babu hotonsu sai a nan?" Na ce na sani.

Da aka yi hutu na ɗauki faifan biyu na tafi Kano, wurin wani mai gyara da aka yi mini kwatancensa. Ya jona na biyun, ya girgiza kai ya miƙo mini. Na farkon ya saurara da kyau, ya ce in bar masa, amma kada in sa rai. Na kwana biyu gidan wani abokina ina jira. Da na koma ya ce ya samu faifan ya yi magana na ɗan lokaci kafin ya mutu gaba ɗaya, ya kwashe abin da ya iya. Ya zuba mini a filashi. Babu jakunkuna, babu sunan ƙauye ko na gida, hotuna ne kawai a cakuɗe da lambobi. Kuma da yawansu ba su cika ba. Hoto zai fara buɗewa daga sama, ya zo wani wuri, sauran duk ya zama toka-toka kamar an shafe da siminti.

Na sayo wani madabod na hannu da wani faifan, na dawo na sake haɗa wa Kawu kwamfutar. Muka aika aka kira matar. Ta zauna a kujerar, yaron a cinyarta, ni ina dannawa, Kawu na tsaye a baya yana faɗin inda aka ɗauki kowane. Wannan Magama ne. Wannan auren gidan wane ne. Wasu sun fito lafiya ƙalau, har Kawu yana hamdala don ya san masu nemansu. Muka yi ta wucewa har aka kira azahar, muka yi salla muka dawo. Can Kawu ya ce in tsaya.

"Wannan darnin gidanku ne," ya ce wa matar, yana nuna shingen karan da ke hoton.

Ta matso. Hotunan sunan ne, amma kaɗan suka tsira. Ɗaya na ragon suna ne ɗaure a turke, ya fito cikakke. Ɗaya na mata ne a tsakar gida, ita ma tana ciki. Na ƙarshen shi ne na maza. A samansa ana ganin darni da reshen itace, da huluna uku a jere, da goshin mutum na tsakiya. Daga girarsa zuwa ƙasa toka ce.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗora yatsa a kan sikirin.

"Wagga hular tasa ce. Ranar ya fara sa ta." Ta juyo wurina. "Malam, ba a iya jawo shi ƙasa kaɗan?"

Na ce ba a iyawa. Na yi ƙoƙarin yi mata bayani cewa sauran ba ɓoye yake a bayan tokar ba, babu shi ne gaba ɗaya, amma na ga bayanin ba shi da amfani. Duk da haka na rufe hoton na sake buɗewa, na buɗe shi da wata manhaja, na ƙara masa haske, don dai ta ga na yi wani abu. Yana zuwa girar nan yake tsayawa.

"To a wanke mini shi haka nan," in ji ta.

Kawu ya sa takarda a firinta da kansa. Ta fito a hankali, hulunan tukuna, sannan tokar har ƙasa. Ya haɗa mata da na ragon da na matan, ya sa a leda. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi mana addu'a mai tsawo, ta goya yaron ta fita. Daga baya muka ji ta bi 'yan'uwanta sun tsallaka Nijar, ban sake ganinta ba.

An maido da layukan waya, an buɗe iyaka, direban ya koma kan hanya. Na karanta duk abin da na samu a kan irin wannan lalacewar, na tura wa mutanen da ban sani ba tambayoyi, amsar dai ɗaya ce. Kawu ya raba hotunan da suka tsira ga masu su, waɗanda ba su samu ba ya ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Ya tsufa yanzu, idonsa ya yi rauni, ba ya fita ɗauka. Matattun faifan biyu suna cikin akwatin tufafinsa, ya hana a yar. Wani lokaci idan na je gaishe shi, bayan mun gama hirar gida, sai ya ce ya ji an ce kullum ana fito da sababbin dabaru, ko akwai wadda ta fito da za ta yi mana. In ce masa tukuna dai, Kawu.